Coton Sport ta Garwa: Tarihin 'Yan Auduga da Doguwar Hanyar da Jadawali Yake Ɗora Musu

Kafin shekarar 1997, babu wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa daga arewacin Kamaru da ta taɓa ɗaukar kambin gasar ƙasa. Tun daga samun 'yancin kai a 1960, kambin yana kai da kawowa ne tsakanin Duwala da Yawunde, wani lokaci ya leƙa ƙasar tuddai ta yamma, can Nkongsamba ko Bafusam ko Bafang, sa'an nan ya komo inda ya fito. Oryx ta Duwala ce ta fara ɗaukar kofin zakarun Afirka tun da aka ƙirƙiro shi. Canon ta Yawunde ta ɗauke shi sau uku, a 1971 da 1978 da 1980, Union ta Duwala kuma a 1979. Mu da muka tashi a Garwa a wancan zamani, waɗannan sunaye a rediyo muke jin su, kamar yadda ake jin labarin wata ƙasa mai nisa. Muna da tamu Étoile Filante, manyanmu suna alfahari da ita, amma kambi bai taɓa tsallako kogin Binuwai ba. Abin mamaki, shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa ne, ya yi mulki shekara 22, a zamaninsa aka yi wa garin babban filin jirgin sama, aka gina filin wasa na Rumde Ajiya a 1978. Fili ya samu, sai dai ƙungiyar da za ta cika shi ba ta zo ba sai bayan ya bar mulki.

Wanda yake son ya fahimci yadda aka yi ƙungiya ɗaya ta juya wannan tarihi, sai ya bar filin wasa tukuna ya nufi gona.

Auduga tsohuwar amfanin gona ce a wannan ƙasa. Kakanninmu sun san kaɗi da saƙa da rini tun kafin Bature ya iso, kuma fataken Hausa da suka biyo hanyar Yola zuwa Garwa a zamanin sarakunan Fombina tufafi suna cikin manyan kayansu. Amma noman auduga na kasuwar duniya, wanda ake ba manomi iri da taki bashi a kuma saye abin da ya noma a farashin da aka yanke, kamfanin Faransa mai suna CFDT ne ya kawo shi a farkon shekarun 1950. A 1974 gwamnatin Kamaru ta karɓi ragamar aikin, aka kafa SODECOTON, aka sa hedkwatarta a Garwa, gwamnati ce mai kaso mafi girma a ciki. Kamfanin ya zama kamar wata hukuma a cikin hukuma. Yana da masana'antun gurzar auduga a garuruwa da dama, yana tatsar man anguryar da matanmu suke girki da shi, yana gyara hanyoyin karkara domin motocinsa su kai ga kasuwannin auduga, manoma dubu ɗari da ɗoriya kuma da shi suka dogara. A duk faɗin arewa babu wani wurin aiki da ya kai shi tabbacin albashi.

A cikin wannan gida aka haifi Coton Sport a 1986. Da farko ƙungiyar ma'aikata ce, irin wadda kowane babban kamfani yake da ita domin ma'aikatansa su motsa jiki bayan an tashi daga aiki. Ta ɗauki launin kore da fari, wato ganyen auduga da kaɗarta. Ta bi matakan ƙananan rukunoni, a farkon shekarun 1990 ta hau rukuni na ɗaya, a 1997 ta ɗauki kambi, ta maimaita a 1998. Shekara 11 kacal tsakanin kafuwa da sarauta.

Mutanen kudu sun ɗauka guguwa ce mai wucewa, kuma shekarun da suka biyo baya sun so su gaskata su, domin Sable ta Batié ta ɗauka a 1999, Fovu ta Baham a 2000. Coton ta komo a 2001, Canon ta karɓe a 2002. Daga 2003 kuwa sai aka rufe ƙofa: shekara shida a jere, har 2008, kambi bai bar Garwa ba. Tiko United ta katse a 2009. A 2010 Coton ta kamo Canon a kambi goma, a 2011 ta wuce ta. Ta ƙara da 2013 da 2014 da 2015, sai 2018, sai kuma uku a jere daga 2021 zuwa 2023. Jimla 18. Kofin ƙasa kuma sau bakwai, a 2003 da 2004 da 2007 da 2008 da 2011 da 2014 da 2022. Mai karatu ya duba waɗannan shekaru da kyau, zai ga duk shekarar da ta ɗauki kofi ta haɗa da kambi. Ba ta taɓa ɗaukar kofi domin ta rarrashi kanta a shekarar da gasa ta kuɓuce mata ba.

Ina sirrin yake? Mun sha jin amsoshi a majalisu, daga mai cewa zafin Garwa ne zuwa mai cewa akwai abin da aka binne a bakin raga. A ganinmu amsar ta fi haka sauƙi, kuma ta fi haka ɗaci ga sauran ƙungiyoyi. Yawancin ƙungiyoyin Kamaru a aljihun mutum ɗaya suke rayuwa, wani attajiri ko ɗan siyasa, ko kuma a kan gudummawar 'yan gari. Ranar da aljihun ya yi sanyi, 'yan wasa su yi wata uku ba su ga ko sisi ba. Ranar da aka yi rigimar shugabanci, ƙungiya ta rabe biyu, kowane ɓangare da nasa 'yan wasan. Canon da Tonnerre, manyan gidajen Yawunde, sun sha wannan ɗanɗano. Ita kuwa Coton tana da abin da ba a saba gani ba: wata ya ƙare a biya, wanda ya ji rauni a yi masa magani, akwai filin atisaye nata na kanta, akwai makarantar rainon yara. Ɗan wasan da ya san iyalinsa za su ci tuwo a ƙarshen wata, gudunsa daban ne da na wanda ya shiga fili yana lissafin kuɗin haya. Saboda haka ne samarin kudu, waɗanda a da suke ganin Garwa ƙarshen duniya ce, suka riƙa ɗaura kayansu suna hawa jirgin ƙasa zuwa arewa.

Gaskiya ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Iya Muhammad, wanda ya shugabanci SODECOTON kusan shekara 30, shi ne kuma ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FECAFOOT, daga 1998 zuwa 2013. Mutum ɗaya yana riƙe da kamfanin da yake ciyar da ƙungiya, yana kuma riƙe da hukumar da take shirya gasar. Ko da babu alƙalin wasan da ya taɓa karkata, dole zukata su yi zargi, kuma sun yi. Mu da muke murna a lokacin ba mu so jin wannan magana ba, amma da a ce Canon ce take cikin wannan matsayi, da bakinmu bai yi shiru ba. Abin da ya kare mutuncin ƙungiyar abu biyu ne. Na farko, rawar da ta taka a gasannin Afirka, inda ba FECAFOOT ce take naɗa alƙalai ba. Na biyu, bayan an kama Iya Muhammad a watan Yunin 2013, aka kuma yanke masa ɗaurin shekara 15 a 2015 a kan sha'anin kuɗin kamfanin, ƙungiyar ta ci gaba da ɗaukar kambi.

Yanzu sai mu zo kan jadawali, wanda shi ne ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

A takarda jadawali adalci ne tsantsa: kowace ƙungiya ta karɓi kowace a gida, ta kuma kai mata ziyara. Amma takarda ba ta san kilomita ba. Daga Garwa zuwa Yawunde tafiyar ta haura kilomita dubu, zuwa Duwala ta fi haka. Wanda ba shi da kuɗin jirgin sama, hanyarsa ita ce ya shiga mota daga Garwa, ya yi kusan kilomita 280, ya hau gangaren dutsen nan na Ngaundare wanda direbobi suke ambatonsa da ladabi, sa'an nan ya jira jirgin ƙasa na dare. Layin dogon ya iso Ngaundare a 1974, a nan kuma ya tsaya har yau. Daga can zuwa Yawunde fiye da kilomita 600 ne, a kwana ana tafiya, a wayi gari, wani lokaci har rana ta take. Idan wasan a Bafang yake ko Bamenda ko Limbe, akwai sauran tafiyar mota a gaba. To, a yawancin kakanni ƙungiyoyin rukuni na ɗaya kusan dukkansu a kudu suke. Ƙungiyar Duwala takan yi doguwar tafiya sau ɗaya ko biyu a shekara, ranar da jadawali ya aiko ta arewa, sauran wasanninta na waje tafiyar sa'o'i kaɗan ce, wasu ma a cikin gari. Ita kuwa Coton, kusan kowane wasan waje irin wannan tafiya ce. Abin da baƙonta yake kuka da shi sau ɗaya a kaka, ita shi ne abincinta na kowane mako biyu.

Wannan ne ya cinye sauran ƙungiyoyin arewa. Mun ga Sahel ta Marwa ta hau, mun ga Espérance ta Gidar, da Danay ta Yagwa, da ƙungiyar jami'ar Ngaundare. Kowacce ta zo da samari masu ƙafa, jama'ar garinta suka cika fili, amma kuɗin mota da masauki da abinci na kaka guda ya fi ƙarfin gari ɗaya, sai a daɗe ko a jima ta gangara. Coton ta tsira ne domin bayanta akwai kamfani mai iya sayen tikitin jirgi. Duk wanda ya ce nisa ya taimaki Garwa, ya faɗi rabin magana. Nisa yana taimakon mai guzuri ne kawai.

Sauran rabin kuwa gaskiya ne, ba za mu musa ba. Baƙon da ya taso daga Duwala, garin ruwa da danshi, ya sauka Garwa a watan Maris ko Afrilu lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40, aka ce ya shiga fili da rana tsaka tsakanin azahar da la'asar, ya san ya zo baƙunta. A lokacin hunturu kuma ƙura ce take bushe maƙogwaro. Shekaru da yawa Rumde Ajiya ya kasance wurin da baƙo yake murna idan ya fita da canjaras. Sunan ma yana da nasa tarihi: rumde a Fulatanci shi ne abin da Bahaushe yake kira rinji, wato ƙauyen gona na bayin wani babba. Unguwar ta ci sunan, filin ya gada daga unguwa, yau kuma duk Afirka ta san shi ba tare da ta san ma'anarsa ba.

Shekarar 2008 ita ce ta fi nuna ƙarfin wannan gida da kuma iyakarsa, don haka za mu ɗan daɗe a kanta. Kafin ita an yi 2003, lokacin da Coton ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, Raja ta Kasabalanka ta doke ta da ci 2 a jimlar wasa biyu. Wannan shi ne karo na ƙarshe da aka buga wancan kofi kafin a narkar da shi cikin kofin Confederation. Amma 2008 gasar zakaru ce, babbar gasa, wadda rabon Kamaru da ganin wasanta na ƙarshe tun 1980.

A wancan zamani gasar Afirka tana farawa ne a farkon shekara ta ƙare a Nuwamba, sai jadawalin ya bi shekarar manomi sau da ƙafa. Zagayen farko ya faɗo a bazara, lokacin zafi. A nan Coton ta fitar da Gombe United, maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka, ta kuma fitar da JS Kabylie ta Aljeriya. Wasannin rukuni suka zo da damina, daga Yuli zuwa Satumba, auduga tana girma a gona, na ƙarshensu kuma suka faɗo cikin azumi, domin Ramadan na shekarar a watan Satumba ya kama. Rukunin ba na wasa ba ne: Enyimba ta Aba mai kofin zakaru biyu, TP Mazembe ta Lubumbashi, da Al Hilal ta Omdurman. Coton ta fito a kan gaba. A wasan kusa da na ƙarshe ta bi Dynamos ta Zimbabuwe har gida ta ci ta 1, ta dawo Garwa ta ƙara mata 4. Tun daga farkon gasar har zuwa nan, duk baƙon da ya shigo Rumde Ajiya ya sha kashi, kuma babu wanda ya zura ƙwallo ko ɗaya a ragar gida.

Mai tsaron wannan raga Kassaly Dauda ne, ɗan Nijar. A gaba akwai Kamilu Dauda, shi ma ɗan Nijar, a tsakiya akwai Abdulkarim Lasina, ɗan ƙasarsu. Mai horar da su Alain Guédou ne, mutumin Kwaddibuwa. Wannan ya sa a shekarar ba Garwa kaɗai take kwana da wasan a rai ba, har Yamai da Maraɗi da Agadas ana kasa kunne. Ga ɗan Nijar, Garwa ba baƙon wuri ba ne. Zai shiga kasuwa ya yi ciniki da Hausa, ya ji kiran salla a kan lokaci, ya sami fura da kilishi, zafin ma irin na gida ne. Hanyar da fatake suka bi da ƙafa, ita 'yan ƙwallo suka biyo da takalmansu a jaka.

Wasan ƙarshe ya zo a Nuwamba, auduga ta fashe fari fat a gonaki. Abokiyar karawa Al Ahly ce ta Masar, a ƙarƙashin Manuel José, da su Abu Trika da Ahmad Hasan da Wa'il Jum'a. Ranar 2 ga wata a Alƙahira, kafin a cika minti 20 an zura wa Coton biyu, a haka aka tashi. Ranar 16 aka dawo Garwa. Ahmad Hasan ya fara ci, wato ƙwallon farko da baƙo ya zura a filin a duk gasar, kuma a dokar lokacin ƙwallon waje tana da nauyi, sai ya zama Coton tana bukatar huɗu. Abdulkarim ya rama daf da hutun rabin lokaci. Bayan an dawo Baba Usmaila ya ƙara ta biyu, sai fili ya ɗauka, mutane suka fara lissafin cewa saura biyu kuma akwai lokaci. A ƙarshen wasa aka ba Al Ahly bugun fenareti, Shadi Muhammad ya buga ta shiga. Aka tashi 2 da 2, jimla 4 da 2, aka miƙa wa baƙi kofinsu na shida a tsakiyar filinmu. Wanda ya ce an yi mana fashi bai yi adalci ba. A Alƙahira aka rasa kofin, a cikin mintocin farko da samarinmu suka tsaya kallon girman fili.

Daga nan Al Ahly ta zame mana ƙadangaren bakin tulu. A 2013 aka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, Sébastien Desabre ya gina ƙungiyar a kakar, Alexis Yougouda Kada kuma shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da guda 7. Shekarar ce FIFA ta dakatar da Kamaru na 'yan makonni a watan Yuli saboda rikicin zaɓen FECAFOOT, har aka yi fargabar ƙungiyar za ta rasa gurbinta a kan laifin da ba nata ba. Wasan Garwa ya faɗo farkon Oktoba, ƙarshen damina, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya har aka dakatar da wasa aka sake shi washegari. Aka yi 1 da 1, a Masar ma 1 da 1, aka je bugun fenareti, Al Ahly ta wuce da 7 da 6. A 2014 kuma, a kofin Confederation, a daidai wannan mataki, ita ce dai ta sake tare hanya. A 2021 JS Kabylie ta rama abin da aka yi mata a 2008, ita ma a wasan kusa da na ƙarshe. Wasan ƙarshe biyu, na kusa da ƙarshe uku, kofin Afirka ko ɗaya babu.

Dalilin yana da alaƙa da auduga ta wata fuska. Mu muke nomawa, mu tsince, mu gurje, a ɗaure ta dami-dami a kai tashar jirgin ruwa ta Duwala, kaɗan ce take tsayawa a saƙa a gida. Haka 'yan wasan suke. Jacques Zoua, haifaffen Garwa, ya tafi Basel ta Suwizalan a 2009. Vincent Abubakar ya je gasar cin kofin duniya ta 2010 yana ɗan shekara 18, shi kaɗai ne a tawagar yake wasa a gida, a shekarar kuma ya wuce Valenciennes ta Faransa. Edgar Salli ya tafi Monaco a 2011, Ambroise Oyongo ya tafi Amurka a 2014, Moumi Ngamaleu ya tafi Ostiriya a 2016. Ranar da Kamaru ta doke Masar 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2017 a Libreville, Abubakar ne ya ci ƙwallon nasara saura minti biyu a tashi, kuma Zoua da Salli da Oyongo duk suna cikin tawagar. Mutanen Garwa sun ce an biya su bashin 2008. An biya, amma da rigar ƙasa, bayan samarin sun nuna a gonar wasu. Al Ahly tana iya riƙe gwaninta shekara goma domin tana da kuɗin da za ta hana shi sha'awar Turai. Coton kuwa dole ta sayar, kuɗin cinikin yana cikin abin da yake tafiyar da makarantar yaran. Ba ma zargin yaron da ya tafi, ko mu ne iyayensa da mun sa masa albarka. Sai dai ƙungiyar da take sake gini duk bayan shekara biyu tana iya mulkin gida, amma da wuya ta mulki nahiya.

A 'yan shekarun nan kuma jadawalin kansa ya rasa alƙibla. An kafa hukumar gasar ƙwararru a 2011 a ƙarƙashin Janar Pierre Semengue, daga baya ita da FECAFOOT suka shiga jayayya a kan wa yake da ikon shirya gasa, aka kai ƙara har kotun wasanni ta duniya, 'yan wasa suna zaune a gida. A 2020 annobar korona ta tsayar da gasa aka ba PWD ta Bamenda kambi. Yawan ƙungiyoyi ya riƙa canzawa, wata shekara 14, wata 18, a 2022 har 25 aka raba gida biyu. Wata kaka a yi gasa ta kowa da kowa, wata a yi rukunoni sa'an nan a tara na gaba a yi wasannin fitar da gwani. Ranar farawa ma ba ta da tabbas. Ita kuwa CAF ta mayar da gasanninta su fara a wajen Agusta ko Satumba, saboda haka sau da yawa zakaran Kamaru yakan shiga wasan Afirka alhali gasar gida ba ta fara ba, ƙafafu ba su warware ba, ya tarar da abokin karawa wanda ya riga ya yi zafi. Wannan ya shafi kowa, amma ya fi cutar da mai nisa. Ƙungiyar Yawunde idan aka ɗage wasa kwana biyu kafin ranarsa, asararta kaɗan ce. Ƙungiyar Garwa ta riga ta sayi tikiti, ta kama masauki, wataƙila ma ta sauka.

Sakamakon ya fito fili a farkon 2023. Coton ta shiga rukunin gasar zakaru tare da Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu da Al Ahly da Al Hilal, ta buga wasa shida ta sha kashi a duka shidan, uku daga ciki a matsayin mai masauki. Shekara 15 kafin nan, a irin wannan mataki, babu baƙon da ya ga ragarta. Abin da ya ƙara wa abin ciwo shi ne filin bai taɓa yin kyau irin na yanzu ba. An sabunta Rumde Ajiya domin gasar kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, aka sa kujeru da fitilu da ciyawa mai kyau. A nan Najeriya ta yi wasanninta na rukuni, ta ci Masar da Sudan da Gini Bisau, 'yan'uwa daga Yola da Mubi suka cika gari har masauki ya yi wuya, kafin Tunisiya ta fitar da ita a wannan fili ranar 23 ga Janairu. Mun ga yadda filin yake idan ya cika maƙil. Wanda ya je wasan gasar gida bayan haka ya ga kujeru da yawa babu kowa, samarin da ya kamata su zauna a kai suna gidajen kallo a Yelwa da Lopere suna musu a kan Real Madrid da Barcelona.

Akwai tambayar da dattawa suke yi idan zancen ya zo majalisa, kuma ba mu ga laifinta ba: kuɗin da kamfani yake kashewa a kan ƙwallo, ba daga gumin manomin Pitowa da Gidar da Kaele yake fitowa ba? Daga can yake fitowa. A shekarun da farashin auduga ya faɗi a kasuwar duniya, ko taki ya yi tsada, ko manoma suka riƙa tsallaka da audugarsu Najeriya domin neman farashi mai kyau, kamfanin yakan ji a jikinsa, ƙungiyar ma ta ji. Abin da za mu ce shi ne, a cikin duk abin da aka yi da kuɗin auduga, wannan yana cikin 'yan kaɗan da manomi ya gani da idonsa ya kuma yi murna da shi. Amma hakan bai ɗauke wa shugabanni nauyin su nema wa ƙungiyar wata ƙafar tsayuwa ba, domin ranar da aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa, maganar da aka sha tayarwa tun shekarun 1990, ba lalle sabon mai shi ya ga amfanin biyan tikitin jirgin 'yan ƙwallo ba.

Kambin 2024 ya tafi Limbe wurin Victoria United, na 2025 ya tafi kudu wurin Colombe. A gefe guda kuma Garwa ta sami ƙungiya ta biyu a rukuni na ɗaya, Gazelle, wadda ta hau a 2022 ta kuma nuna ba rakiya ta zo ba. Yanzu idan aka fitar da jadawali, abin da mutanen gari suke fara nema shi ne ranar da Coton za ta haɗu da Gazelle. A duk kakar, wannan ne wasan waje guda ɗaya da 'yan auduga suke bugawa su koma su kwana a ɗakunansu.